ThreadSanitizer ne ya fitar da ni kunya a shirin laccata

Sati uku na yi ina haɗa lacca kan yadda manhaja ke tafiyar da zare (thread, wato layin aiki mai gudana da kansa a cikin manhaja) da yawa a lokaci guda, minti 25 aka ba ni a wani taron masu rubuta kod a Kano. Silaid ba su ba ni wahala ba, demo ne ya so ya sa min hawan jini.

Misalin da kowa ya sani na ɗauko a C++, zare biyu kowanne ya ƙara 1 a kan lamba ɗaya sau miliyan, ka ga ya kamata a samu 2,000,000. To amma counter++ ɗin nan, umarnin ƙara 1 da muke gani layi ɗaya, aiki uku ne: karanto, ƙara, mayar. Kamar yaran shago biyu ne a kan littafin bashi ɗaya, wannan ya ga 50 wancan ma ya ga 50, kowa ya rubuta 51, shikenan ɗaya ta bi ruwa. Matsalar ita ce abin ba kullum yake nuna kansa ba, ranar da na gwada a gaban wani abokina sai da ya ba ni 2,000,000 cif sau huɗu a jere ina ta zufa, ashe na bar -O2 a kunne ne, zaɓin da ke sa a gyara kod don ya ƙara gudu, kompaila (manhajar da ke fassara kod zuwa yaren na'ura) ya dunƙule duk zagayen ya zama ƙari guda. Ka yi tunanin ka tsaya gaban jama'a kana cewa ku kalli kuskure, kwamfuta kuma tana ƙaryata ka.

Shi abokin nawa ya ce malam ka sa -fsanitize=thread mana, zaɓin da ke kunna ThreadSanitizer, mai kama irin wannan karo tsakanin zare. Wallahi iyakar abin kenan, ba wani abu da na sauke, yana cikin kompailolin GCC da Clang, Google ne suka ƙirƙiro shi kuma a kansa aka gina -race, mai irin wannan aikin a yaren Go. Na ƙara -g don ya nuna lambar layi. Ina kunnawa ya watso gargaɗi, ga zaren da ya rubuta, ga ɗayan da ya taɓa wurin kafin shi, ga layin da aka ƙirƙiri kowannensu. Abin da ya fi burge ni ba ruwansa da ko amsar ta fito daidai, shi dai yana duba ko akwai makulli ko wani tsari tsakanin taɓawar biyu. Na sa std::mutex, makullin da ke barin zare ɗaya kawai ya taɓa lambar a lokaci guda, ya yi tsit, na cire na sa std::atomic, mai haɗe aiki ukun nan su zama ɗaya, nan ma tsit, silaid uku kenan a ɓagas.

Sai dai ba kyauta ba ne. Su kansu masu Clang sun rubuta cewa yana rage gudu ninki 5 zuwa 15, memori kuma ninki 5 zuwa 10, tsohuwar laftof ɗina sai da fanka ta fara kuka da na gwada shi a kan babban aiki. Ba ya haɗuwa da AddressSanitizer, ɗan'uwansa mai kama kurakuran memori, a gini ɗaya, kuma ni da ke kan Windows ta WSL na bi, wato Linux a cikin Windows. Rahoton nasa ma dogo ne, ba ya shiga majigi, dole na yanko layi shida kawai na ƙara musu girma don na baya su gani.

A wurin tambayoyi wata baiwar Allah ta ce to in ya yi shiru kod ɗin ya wanku kenan? Na ce a'a hajiya, hanyar da kod ya bi a wannan gudun kawai yake gani, reshen da gwajinki bai shiga ba bai san da shi ba. Na yi takaicin ban sa wannan a silaid ba tun farko, yanzu na ƙara shi a na 14, na cire tarihin da na cika a farko wanda ya cinye min minti biyar.