Gargaɗi kan wani mai sayar da cajar GPS ta mota, ya ci min 39,500 ya ƙona min na'ura

Salam jama'a. Wallahi kwana huɗu ina rubuta wannan abu ina gogewa saboda kunya, amma yau na ce sai na faɗa ko da za a yi min dariya. 39,500 na tura wa wani bawan Allah da hannuna, ba bindiga ya ɗora min ba, kuma ba kuɗin ne kaɗai suka tafi ba, na'urar GPS ɗina ta Garmin da na shekara bakwai ina aiki da ita ma ta tafi.

Ni aikin haƙar burtsatse muke yi, yawanci ƙauyukan Jigawa da arewacin Yobe, wajajen Birniwa, Machina, Yusufari. Wanda ya taɓa shiga yashin Yusufari ya san abin da nake nufi, hanya ta rabu biyar duk sawun mota ne, ba allo ba sabis ba wanda za ka tambaya sai in ka yi sa'a ka haɗu da makiyayi. Duk rijiyar da muka haƙa, duk garin da muka auna ruwa za mu dawo, ina dannawa in ajiye wurin a cikin wannan Garmin nüvi ɗin. To cajarta ta asali ce wayar ta karye daga wuya, na naɗa salatif na gaji, batirinta kuma ya tsufa ko minti 20 ba ta yi in ba a jone take ba.

A wani guruf na direbobi a Facebook na ga tallarsa. Kuma kafin wani ya zo ya ce min araha na bi, ba araha na bi ba, da araha nake so ai ga cajar 2,500 nan birjik a bakin titi. 18,500 ya ce, webil, wato kuɗin aiko kaya, 3,500. Tsadar ce ma ta kwantar min da hankali. Na kira shi, ba caht kawai muka yi ba, na kira shi da bakina, ya ce “ranka ya daɗe wace lamba ce a ƙarƙashin na'urar, duba ka karanto min.” Wannan tambayar ce ta ci ni. Har yanzu in na kwanta ita nake ji a kunnena, duba ka karanto min. Na ce a raina wanda bai san kaya ba ba zai tambayi lambar samfuri ba. Har cewa ya yi bakinta mini ne ba maikuro irin na tsofaffin wayoyin Android ba, kuma gaskiya ne mini ne. Ya ce “Alhaji ni ba na sayar da jabu, tsakani da Allah ta kwali ce.” Ni ko Makka ban je ba amma na ji daɗin Alhajin nan, Allah na tuba.

Ranar da ta ƙone ɗin kuwa muna cikin babbar mota ne mai ɗauke da injin haƙa, mun wuce Haɗeja mun nufi Nguru, kai a'a bari in koma baya, caja biyu na saya a wajensa, wannan ta biyu ce. Ta farkon ce ta 18,500 ɗin. Ita na karɓo a tasha cikin baƙar leda an naɗe da salatif, ba kwali ba komai, na tambaye shi ya ce ya cire kwalin ne don kar yaran tasha su ga sunan kamfani su yi awon gaba da ita. Na yarda. Ina jona ta a laitar Hilux sai na'urar ta kawo hoton kwamfuta da waya a sikirin, ta tsaya cak, ba taswira ba komai. In na zare ta dawo daidai, in na mayar hoton kwamfuta ya dawo, wani lokaci sai ta ɗau lokaci tana tunani sannan ta saki, mota na yin tsalle ta sake komawa.

Sai daga baya mai gyara a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ya yi min bayani, da na sani tun farko. Ya ce bakin mini ƙafafu biyar ne da shi, ita cajar Garmin ta gaskiya akwai wata 'yar resista da suka saka a ƙafa ta huɗu, da ita na'urar ke gane cewa mota aka jona ta ba kwamfuta ba. Wayar da ba ta da wannan, ko da bakin ya shiga daram, na'urar za ta ɗauka kwamfuta ce ta buɗe kanta tana jiran a kwashi fayil. Wato tun ranar farko na'urar da kanta ta gaya min cajar nan ba tata ba ce, ni ne na fi yarda da mutumin da ban taɓa gani ba.

Da na kira mai cajar ban yi masa faɗa ba fa, cikin mutunci na yi magana. Ya ce “subhanallahi, Alhaji a wace mota za ka riƙa amfani da ita?” Na ce Hilux da kuma babbar motar injin. Ya ce ai shi ne, da ka faɗa min tun farko, wannan ta ƙananan motoci ce, akwai mai ƙarfi ta manyan motoci mai ɗaukar 12 da 24, tunda kai kwastoma ne kawo 14,000 kawai. Ku duba fa, matsalar a Hilux ta faru, me ya haɗa ta da 24? Yanzu nake ganin wannan, a lokacin ban gani ba, saboda maganar tasa akwai gaskiya a ciki, ƙaramar mota batir ɗaya ne bolt 12, babbar kuwa batir biyu ne a jere bolt 24, kowane yaron mota ya san wannan. Da gaskiyar ya naɗe ƙaryar. 14,000 da webil 3,500 kuma. Ku haɗa, 22,000 da 17,500, 39,500 ke nan. Kuma sunan da ya fito a asusun na biyu daban yake da na farko, ya ce na ƙaninsa ne nasa ya kai iyaka. Na gani, na tsaya, na yi kamar daƙiƙa goma ina kallon sunan, sannan na danna. Ina da risit ɗin duka biyun.

To wannan caja ta biyun ce muka jona bayan Haɗeja. Ko minti biyar ba a yi ba yaron motarmu ya ce “oga ƙaurin waya nake ji.” Na duba, sikirin ya yi fari fat sannan ya ɗauke, bayan na'urar ya yi zafi kamar an ciro ta daga murhu, kan cajar da ke cikin laita ya yi laushi har ya manne. Ogana yana gefe bai ce uffan ba sai da muka kusa Birniwa, ya ce “yanzu wuraren namu fa?” Wallahi da zagina ya yi da ya fi min sauƙi.

Mai gyaran nan ya fasa cajar a gabana da sukundireba. Inda ya kamata a ce akwai fis a hancinta, wani guntun ƙarfe ne da sifirin, ba fis. Cikin kuwa wani ɗan allo ne bai kai farcen babban yatsa ba, ya yi baƙi ƙirin. Ya ce na'urar bolt 5 take sha, aikin caja shi ne ta sauko da wutar mota zuwa 5, babbar mota kuma in inji na aiki wutar na kaiwa wajen 28, abin da ke ciki bai iya ɗauka ba ya ƙone ya saki wutar gaba ɗaya ta bi waya ta shige na'urar. Takardar jikinta da aka rubuta 12 zuwa 24 kuwa sitika ce, da farce ya ɓare ta, ƙarƙashinta 12 kaɗai aka rubuta a jikin roba. Ya auna ta farkon da mita ita tana ba da 5 ɗinta lafiya, cajar waya ce kawai ta talakawa. 18,500.

Masu cewa ai waya ma tana nuna hanya ko ba sabis, na sani, ba yau na fara riƙe waya ba. Ba taswira nake kuka ba, wuraren da na ajiye ne, na shekara bakwai, wasu garuruwan ko sunansu babu a taswira. Abin da ya fi ƙona min rai, mai gyaran ya ce duk suna cikin fayil ɗaya ne da zan iya kwafewa a kwamfuta cikin minti biyu. Sati guda tana nuna min hoton kwamfuta ina tsaki.

Na tura wa mai cajar hoton cajar da ta narke, ya buɗe ya gani, ya yi murya ya ce in turo na'urar Legas akwai injiniyansa, in haɗo da 10,000 na kayan gyara. A nan ne na gaya masa abin da ba zan maimaita a nan ba. Kafin magariba ya yi bulokin ɗina, a WhatsApp da Facebook duka, amma abokina ya duba min jiya tallar tana nan, har wani ya rubuta a ƙasa yana tambayar nawa ne. Au, na manta, tun kafin ta biyun ma ya taɓa sa wani ya kira ni wai shi direban tirela ne ya saya tana masa aiki, yanzu da na tuna muryar ina zargin ƙanin nan ne mai asusu.

Sikirinshot na nan zuwa in sha Allah da daddare, hirarmu da risit biyu da hoton sitikar da muryarsa, ina rufe lambar asusuna ne tukuna. Na je banki na cike takarda sun ce in jira.

Ku dai kar ku tura kuɗi kan cajar da ba ku jona a na'urarku kun ga taswira ta fito ba, ku kwance hancinta ku ga fis, mai babbar mota ya karanta rubutun jikin roba ba na sitika ba, ku kwafe wurarenku. Ni Allah ya isa tsakanina da shi, 39,500 ban yafe ko sisi ba. Garmin ɗin tana wajen mai gyara, ya ce in dawo Asabar zai ciro ai-sin wuta, wato ɗan abin da ke sarrafa wuta a cikin na'urar, daga wata matacciya ya gwada, in ta kawo ko na minti biyar ne za mu kwashe fayil ɗin. Ranar Litinin kuma muna da aiki a bayan Machina, na fara kiran mai garin ya tanadar mana ɗan acaɓa da zai shige mana gaba.