Ryzen 5 5600G a Damagaram: abin da na gani bayan wata takwas da harhaɗa kwamfutar wasa ta farko

Ƙanena ya daɗe yana roƙona in taimaka masa ya mallaki kwamfutar wasa, ni kuma na daɗe ina ja da baya, domin duk lokacin da muka zauna lissafi sai mu tarar katin hoto, wato ɓangaren da ke sarrafa hotunan wasa, shi kaɗai zai cinye fiye da rabin abin da muka tara. Jika 250 na sefa ne a hannunmu, wani kaso daga albashina, wani kuma daga abin da ya samu a gyaran waya lokacin hutun jami'a, kuma a cikinsu ake so a fitar da komai in ban da allon kallo, wanda muke da shi tun da. Wannan ƙarancin ne ya kai mu ga furosesar Ryzen 5 5600G ta kamfanin AMD, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, kuma bayan wata takwas ana aiki da ita kusan kullum, har da watannin zafi na Afrilu da Mayu, ina ganin na isa in faɗi ra'ayina a kanta.

Ta shiga kasuwa a 2021. Tana da cibiyoyin aiki 6 masu ɗaukar layin aiki 12, gudunta yana tashi daga gigahaz 3.9 zuwa 4.4, kuma wutar da aka ƙayyade mata wat 65 ce. Harafin G da ke ƙarshen sunanta shi ne ya ja hankalinmu, domin yana nufin an gina mata sashen sarrafa hoto na Radeon a cikin jikinta, saboda haka za a iya kunna wasa ba tare da an sayi katin hoto dabam ba. A cikin kwalinta akwai fankar sanyaya mai suna Wraith Stealth, an riga an shafa mata man da ke ɗauke zafi, wannan ma wani kuɗi ne da bai fita daga aljihunmu ba.

Kayan daga Kano aka kawo mana su ta hannun wani ɗan kasuwa da ke zirga-zirga, aka kuma harhaɗa su a shagon wani mai gyaran kwamfuta da ke kusa da Kasuwar Dole. Wannan mutum ya cancanci yabo. Bai karɓi kayan ya ce mu dawo gobe ba, sai ya zaunar da ƙanena a gefensa, ya nuna masa ƙaramar alamar kusurwa uku mai ruwan zinariya da ke jikin furosesar, wadda ake daidaitawa da ta gurbin da za ta zauna a ciki, ya kuma gargaɗe shi cewa siraran ƙafafun da ke ƙarƙashin furosesa, su 1331, ba sa son dannawa ko kaɗan, da kanta take zama idan an ɗora ta daidai. Da aka gama haɗawa aka kunna, fankoki suka juya amma allo bai nuna komai ba, gabana ya faɗi. Shi kuwa ko a jikinsa, ya ce mini: "Malam, kwantar da hankalinka, ba abin da ya ƙone." Ashe babban faifan da ake dasa komai a kansa, wanda masu gyara a nan suke kira kart mer, samfurin B450 ne da ya daɗe a ajiye wurin mai sayarwa, kuma BIOS ɗinsa, wato ƙaramar manhajar da ke tayar da kwamfuta, ya girmi furosesar, saboda haka bai gane ta ba. Ya ɗora wata tsohuwar Ryzen da yake ajiye da ita don irin wannan rana, ya sabunta BIOS, ya mayar da tamu, nan take ta tashi. Duk wanda zai sayi B450 ya tambayi wannan tun kafin ya biya, ya kuma tabbatar faifan yana da kafar HDMI, domin ta nan hoton zai fito.

Batun RAM, wato rumbun ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da shi, shi ne nake so mai karatu ya riƙe fiye da komai, domin a nan ne mutane da yawa suke zubar da ƙarfin wannan furosesa ba tare da sun sani ba. Katin hoto na dabam yana zuwa da rumbun ajiyarsa mai sauri, amma sashen hoton 5600G ba shi da nasa, daga RAM na kwamfutar yake ara, saboda haka saurin RAM shi ne saurin wasa. Mun ba da saƙon sanduna biyu masu gigabait 8 kowanne, sai aka kawo mana guda ɗaya mai 16, mai sayarwar yana cewa ai duka ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Sanduna biyu suna buɗe hanyoyi biyu tsakanin RAM da furosesa, sanda ɗaya kuwa hanya ɗaya kawai yake buɗewa, kamar a ce motocin kasuwa gaba ɗaya su bi ta ƙofa guda. Mako biyu muka yi da sanda ɗayan kafin a musanya mana, kuma a wannan lokacin hoto yana tsinkewa duk sanda aka shiga wuri mai cunkoso a cikin wasa. Ranar da aka sa biyun, aka kuma shiga BIOS aka kunna tsarin da ke sa RAM ɗin, samfurin DDR4, ya yi gudunsa na 3200, wanda ba ya hawa kansa sai an umarce shi, ƙanena ya juyo ya ce: "Yaya, kamar an canza kwamfutar."

Game da wasannin kansu, zan faɗi abin da idona ya gani. GTA V yana tafiya sumul a girman hoto na 1080p idan an bar saitin hoto a matsakaici, eFootball ma, wanda shi ne abokansa suka fi taruwa a kai da yamma, ba ya ba da matsala idan an sassauta ingancin hoton. Fortnite da Counter-Strike 2 suna buguwa a ƙaramin saiti, ko da yake a waɗannan abin da ya fi damun mai wasa a garinmu shi ne jinkirin intanet, wanda babu furosesar da za ta magance shi. Manyan wasannin zamani irin su Cyberpunk 2077 kuwa sai an sauko zuwa 720p an rage kusan komai kafin su motsa yadda za a iya jurewa, kuma wanda ya saya da burin irin waɗannan bai zaɓi abin da ya dace da shi ba, domin ba don su aka ƙera ta ba. Rumbun adana wasanni, wato SSD, mai gigabait 500 muka sa, kuma ya cika da wuri, tun da GTA V kaɗai yana neman wajen gigabait 100.

Inda furosesar ta fi burge ni shi ne wurin da masu sharhi na ƙasashen sanyi ba su cika dubawa ba, wato wuta da zafi da ƙura. Kwamfutar da babu katin hoto a cikinta ba ta jan wuta da yawa, saboda haka ƙaramin ondilar da muka saya, wato na'ura mai batir da ke ajiye wuta, yana riƙe ta na wasu mintuna idan an ɗauke lantarki, har a samu a adana wasa a kashe ta cikin natsuwa, kuma gidan da ke da sola matsakaiciya zai iya ɗaukarta ba tare da an kashe fankar ɗaki ba. A watan Afrilu, lokacin da zafin gari yake haura digiri 40, fankar da ta zo da ita tana ɗaga murya sosai da rana tsaka, amma ma'aunin da muke dubawa bai taɓa kusantar digiri 95 da aka sa mata a matsayin iyaka ba. Mun ƙara fanka ɗaya a bayan akwatin, muka ɗaga shi daga ƙasa zuwa kan tebur, kuma a lokacin hunturu muna buɗe shi duk bayan mako uku mu hure ƙurar da ta taru, domin ƙurar Damagaram tana toshe fanka da saurin da ba a zato.

Akwatin rarraba wuta na cikin kwamfutar shi ne wurin da mai gyaran ya hana mu yin rowa, kuma na gode masa. Na so in ɗauki mai araha marar suna, ya ce a garin da wuta take hawa da sauka, wannan shi ne abin da zai iya jan sauran kayan gaba ɗaya zuwa asara. Mun ɗauki mai wat 550 da tambarin 80 Plus Bronze mai nuna ingancin sarrafa wuta, wanda ya fi ƙarfin bukatarmu ta yanzu, amma zai ɗauki katin hoto idan lokacinsa ya yi.

Wasu abokai sun ba mu shawarar sayen tsohuwar kwamfutar ofis ta hannu mu sa mata ƙaramin kati, kuma ba na raina wannan hanya ga wanda kuɗinsa bai kai namu ba. Sai dai irin waɗannan sau da yawa akwatinsu matsattse ne, wayoyin wutarsu kuma na musamman ne, saboda haka ƙarin gaba yana wahala. Furosesarmu ma tana da iyakokin da ya kamata a sani: rumbun gaggawarta megabait 16 ne, rabin na ƴar uwarta Ryzen 5 5600 marar G, tana tsayawa a PCIe 3.0, wato tsohon tsarin hanyar da ke haɗa ta da katin hoto, kuma gurbin AM4 da take zama a ciki tsoho ne, tun 2022 aka fito da AM5 mai aiki da sabon RAM samfurin DDR5. Wanda yake da kuɗin katin hoto tun ranar farko, 5600 marar G ta fi masa. Wanda kuma yake tarawa jika-jika kamar mu, yana son ya fara wasa da karatu a kan na'ura ɗaya tun yau, ina ba shi shawarar 5600G da zuciya ɗaya, muddin ya sa sandunan RAM biyu kuma bai yi wasa da batun wuta ba.

Yanzu ƙanena yana tara kuɗin katin hoto samfurin Radeon RX 6600. Na hana shi RX 6500 XT duk da arharsa, domin layuka huɗu kawai yake amfani da su wajen musayar bayanai da furosesa, kuma a kan PCIe 3.0 wannan yana rage masa ƙarfi a fili. Mai gyaran ya riga ya auna akwatin, ya ce katin zai shiga.