Littafin tarihin majami'armu: na saya, na karanta

Ranar Lahadin da aka ƙaddamar da shi na sayi biyu a bakin ƙofa, naira dubu biyu kowanne, ɗaya nawa, ɗaya na yayata da ke aure a Bauchi. Ɗan ƙaramin littafi ne, shafi sittin da 'yan kai, da Hausa. Sabon fastonmu ne ya kawo shawarar, alhali bai cika shekara da zuwa Gombe ba. Da aka yi sanarwa na ce a raina, to, ga wanda zai cika mana littafi da hotunansa. Ashe na ɗauki alhakinsa. Shafi ɗaya tak ya ba kansa, shi ma can ƙarshe.

Babin farko abin da ɗan ɗarikarmu ta ECWA ya sha ji ne: zuwan 'yan mishan Gowans da Kent da Bingham a 1893, isowar 'yan mishan na ƙungiyar SIM (Sudan Interior Mission) Kaltungo a 1917, fitowar Littafi Mai Tsarki na Hausa a 1932, kafa ECWA a 1954. An taƙaita, kuma gara haka.

Daɗin littafin yana tsakiya. Baba Fasto ya bi tsofaffi gida gida yana ɗaukar maganarsu a waya, aka rubuta ta yadda ta fito daga bakinsu, ba a yi mata kwalliya ba. A nan na san cewa a zauren wani ma'aikacin jirgin ƙasa aka fara sujada, a kan tabarma, kuma ƙarfen ƙafar mota da aka rataye a bishiyar dogon yaro shi ne ƙararrawa. Ni da na yi baftisma a wannan majami'a ban taɓa jin haka ba. Ko rigimar da ta biyo bayan 1996 ba a ɓoye ba: da aka cire Jihar Gombe daga Bauchi ma'aikata suka kwararo, benci ya kasa, aka raba sujada biyu, ta Hausa da ta Turanci, wasu dattawa suka yi watanni ba sa ga maciji da juna. An faɗi abin da ya faru, ba a kama sunan kowa ba. Akwai kuma hoton tsohuwar ƙungiyar mawaƙa. Na daɗe ina kallonsa, don ga marigayiya innata a layin baya da ɗankwalinta a karkace, yadda ta saba.

Amma zumuntar mata rabin shafi aka ba ta. Rabin shafi! Matan da suka ɗebo ruwa da yashi a ka lokacin ginin, suka sayar da ƙosai da kunun gyaɗa aka sayi kwanon rufi, an tattara su a jimla ɗaya, wai mata ma sun taimaka. Bayan sujada na tare shi na ce, “Baba Fasto, su wa suka dafa wa magina abinci?” Ya yi shiru, sannan ya ce, “Mama, kin yi gaskiya. Ki tattaro mini sunayensu da labarinsu kafin bugu na biyu.” Na riga na sayi littafin rubutu, na zauna da tsofaffi huɗu.

Ɗab'in kuwa sai haƙuri. Maɗaba'ar ba ta sa haruffa masu lanƙwasa ba, sai ka ga “kasa” ka rasa ko ƙasa ake nufi. Wasu hotunan sun yi duhu, gam ɗin kuma bai kama ba. Nawa ya fara zubar da shafuka tun mako na biyu, sai da na kai wa mai ɗinkin takalmi ya ɗinke mini gefensa da zare.

Duk da haka ya ci kuɗinsa. Wanda zai saya ya nemi sakataren majami'a bayan sujadar Hausa, ya kuma buɗe tsakiyar littafin ya ɗan ja shafi ya gani kafin ya biya.