Masauki a Kyoto: ryokan, otal ko gidan haya, wanne za ka biya?

Kyoto ta zama fadar sarkin Japan tun 794, ta riƙe wannan matsayi sama da shekara dubu, amma yau in ka tambayi 'yan gari abin da ya fi damunsu, baƙi ne masu jan akwati ƙurrr a lungu da tsakar dare. Don haka kafin ka fara lissafin wuraren ɗaukar hoto, tsaya ka zaɓi wurin kwana da kyau. Ni dai ba zan ɓoye ba, ƙaramin ryokan nake so, wato masaukin gargajiya na Japan.

Ba waɗancan masu tsadar tsiya nake nufi ba, ƙananan da iyali ke riƙe da su, masu gida suna ƙasa kai kana bene. Takalmi a bakin ƙofa, ɗaki shimfiɗe da tabarmar tatami, da dare a shimfiɗa katifa a ƙasa, da safe a naɗe. Babban amfaninsa shi ne akwai mutum a gidan, wanda zai gaya maka ƙarfe nawa ake kulle ƙofa, kar ka taka tatami da silifas, ka wanke jikinka tas kafin ka shiga bahon ruwan zafi tunda ba kai kaɗai za ka shiga ba, ga shi kuɗinka a unguwar zai zauna. Ka lura yawanci farashin na mutum ɗaya ne ba na ɗaki ba, in ku biyu ne ninka shi. Batun abinci kuma tun ranar da ka kama ɗaki ka rubuta musu babu alade babu giya, ka ambaci mirin da sake (nau'o'in giyar shinkafa da ake girki da su) da sunansu, don a cikin romo suke shiga ido ba ya gani. Kar ka miƙa wa kowa na goro, ba al'adarsu ba ce.

Otal-otal na kusa da tashar jirgin ƙasa? Tsaf-tsaf suke, da sauƙin kuɗi, ɗaki kamar kwalin ashana, shi ke nan. Kwana a haikalin Buddha kuma akwai, sai dai ni bai burge ni ba.

Inda rigimar take shi ne gidan haya na intanet, musamman masu sunan machiya, tsofaffin gidajen katako masu ƙaramar fuska da dogon ciki. Na gaske suna da kyau, kuma ƙarewa suke, ƙidayar 2016 ta samu kusan 40,000 ne suka rage. Amma 'yan damfara sun shiga harkar. Tun Yunin 2018 doka ta ce mai bayar da gidansa haya ga baƙi sai ya yi rajista, kuma kada ya wuce kwana 180 a shekara, Kyoto ma ta ƙara tsaurara tata, a unguwannin zama zalla daga tsakiyar Janairu zuwa tsakiyar Maris kawai aka yarda, in ban da 'yan keɓantattu. Lambar wannan rajista da harafin M take farawa, kuma dole a manna alama a ƙofa. Wasu kuma lasisin ƙaramin masauki gare su, shi ma halas ne. Wanda ba shi da ko ɗaya, gudu.

Ni an taɓa yi min. Hoto gidan katako da lambu, da na isa sai ga ɗaki a benen siminti, makulli a wani ɗan akwati a jikin shinge, sannan saƙo ya shigo wai in maƙwabta sun tambaya in ce ni abokin mai gidan ne. Duk wanda ya ce maka haka ba shi da takarda. Haka wanda bai nemi fasfonka ba, don doka ta sa masauki ya ajiye kwafin fasfon baƙo. Haka mai ɓoye adireshi har sai ka biya, ko mai cewa ku fita daga manhaja ka tura masa kuɗi kai tsaye zai rage maka, ko saƙon gaggawa wai ka sake saka lambar katinka a wani shafi in ba haka ba a soke ɗakin da ka kama. Kira masaukin da kanka tukuna.

Kuɗi ɗaya ne in an nema kar ka tada jijiyar wuya, harajin kwana da birnin ya fara karɓa a Oktoban 2018, kan kowane mutum kowane dare, gwargwadon tsadar ɗakin. Wasu wuraren a hannu suke karɓa, ka tanadi canji.