Al-Shabaka: wata shida ina bin rubutunsu, ga yadda na gan su

Abun ya faro ne daga gardama a majalisarmu ta bayan isha'i, wani abokinmu malamin makaranta ya ce wai me ya sa gwamnatin Mahmud Abbas, shugaban hukumar Falasɗinu, ta kasa biyan ma'aikata cikakken albashi alhali ƙasashen duniya na ta turo musu kuɗi, kowa ya kawo tasa, wani ya ce cin hanci ne kawai irin namu, wani ya ce ai Larabawa ne suka juya musu baya. Ni dai shiru na yi don gaskiya ban da amsa, duk da cewa kullum ina cikin kallon bidiyon Gaza har sai hawaye ya zo min. A daren na dinga lalube a waya har na faɗa shafin Al-Shabaka, toh tun daga nan ban bar su ba.

Ga wanda bai sani ba, Al-Shabaka cibiya ce ta nazarin siyasa da manufofi ta Falasɗinawa, an kafa ta a 2009, rajistarta a Kalifoniya ta Amurka take, Nadia Hijab na cikin waɗanda suka assasa ta. Sunan da Larabci yana nufin raga, kuma sunan ya dace, don ba wani katafaren gini ba ne da ma'aikata ke zaune a ciki, mutane ne a warwatse, wani a Ramallah wani a Gaza wani a Haifa, wasu a Ingila da Amurka, malaman jami'a da lauyoyi da marubuta, su ne masu ba cibiyar shawara kuma su ne masu rubutun. Akwai Diana Buttu lauyar da ta taɓa zama mai ba tawagar PLO, wato ƙungiyar 'yantar da Falasɗinu, shawara kan shari'a lokacin tattaunawa da Isra'ila, akwai Noura Erakat ta jami'ar Rutgers, akwai Haidar Eid da ya koyar da adabi a jami'ar Al-Aqsa ta Gaza. Komai kyauta ne, da Turanci da Larabci, data ɗinka kawai za ka ƙona.

To amsar gardamar tamu fa? Wallahi a nan na fara jin sunan yarjejeniyar Faris ta 1994, wadda ta biyo bayan yarjejeniyar zaman lafiya ta Oslo da PLO ta ƙulla da Isra'ila a 1993. Ashe Falasɗinawa ba su da iko da tashar ruwa ko iyaka, duk kayan da ɗan kasuwar Nablus ko Hebron ya yi oda daga waje ta hannun Isra'ila yake bi, ita ke karɓar kwastan da harajin, ta cire kashi 3 cikin ɗari ladan aikinta, sannan bisa yarjejeniyar ya kamata ta miƙa wa hukumar Falasɗinu sauran duk wata. Kuɗin nan kuma shi ne kusan kashi biyu cikin uku na abun da hukumar ke samu. Ka ga kenan ranar da aka ga dama a riƙe, malamin firamare a Jenin sai ya ga rabin albashi ko ma ya ga babu, kuma tun 2019 Isra'ila ke zaftare wani kaso da sunan kuɗin da ake ba iyalan fursunonin Falasɗinawa. Ko kuɗin kashewa ma shekel ɗin Isra'ila ne a aljihunsu. Na karanta wannan ina kwance an ɗauke wuta, cajin waya saura kaɗan, sai da na tashi zaune, shekara nawa ina cewa ina tare da Falasɗinu amma ban san wa ke riƙe da lalitarsu ba.

Abun da ya fi burge ni, kuma shi ya sa nake wannan rubutun, ba sa raga wa nasu. Mu a nan mun saba ɗaukar Falasɗinawa kamar mutum ɗaya mai murya ɗaya, amma ka shiga rubutun Alaa Tartir kan yadda jami'an tsaron hukumar ke haɗa kai da Isra'ila da yadda tallafin ƙasashen waje ya zama igiya a wuya, za ka ji ɗan gida yana faɗa wa shugabanninsa gaskiya ba kara. Suna maganar cewa rabon da a yi zaɓen majalisar dokoki tun 2006, shi kuma Abbas tun 2005 yake kan kujera, suna tambayar wa PLO ke wakilta yanzu, ina matsayin 'yan gudun hijirar da ke sansanonin Lebanon da Jodan tun bayan 1948. Wani lokacin ma marubutan nasu ba sa yarda da juna, wannan ya ce maganar kafa ƙasa biyu, Falasɗinu da Isra'ila, ta mutu wancan ya ce a bi a hankali.

Amma fa kar wani ya je da tunanin labarai zai samu. Ba BBC Hausa ba ce, abu zai faru yau sai bayan kwanaki ka ga sharhinsu, kuma Turancin nasu na 'yan boko ne sosai, wata maƙalar sai na karanta sakin layi ɗaya sau uku da ƙamus a gefe, wanda ya yi Larabci mai zurfi ƙila ɓangaren Larabcin ya fi masa sauƙi, ni nawa na Islamiyya bai kai ba. Sannan su ba su ɓoye ba, ɓangare suke da shi, don Falasɗinawa suke rubutu, in kana neman yadda Isra'ila ke kallon lamarin sai ka nema a wani wurin. Ni hakan bai dame ni ba tunda sun faɗa tun farko.

In karatun ya yi maka nauyi fara da shirinsu na sauti, Rethinking Palestine, Yara Hawari ke gabatarwa, wajen rabin awa ne, ni a Keke nake saurara in zan tafi aiki, hira ce da mutum ɗaya kan batu ɗaya kuma maganar ta fi rubutun sauƙin shiga kai. Daga nan sai gajerun maƙalun, dogayen ka bar su sai ranar hutu.

Na koma majalisa da bayanin harajin nan, malam ya saurara har ƙarshe sannan ya ce duk da haka akwai cin hanci, na ce ai su ma sun rubuta hakan, na tura masa ta WhatsApp, har yau bai buɗe ba wai Turancin ya yi yawa.