Allurar mura ko ta nimoniya, wacce za a yi wa Baba?

Salamu alaikum 'yan'uwa. 'Yar'uwa na ga tambayarki tun jiya da daddare, kin ce Baba ya haura shekara 70, asma ta daɗe tana damunsa, ga shi zai tafi Umra, likita ya ce a yi masa allurar mura amma yayanku ya ce ai ta nimoniya ce allura, ta mura asarar kuɗi ce kawai. Toh ni abin ya taɓa ni ne sosai saboda Innarmu, shekara sama da talatin tana girki da itace a ɗan madafi marar taga, hayaƙi ya cinye mata huhu, likitoci suka ce COPD ne wato hanyoyin iska sun tsuke, don haka duka alluran biyu mun bi ta kansu.

Inda ake samun ruɗani, mu Hausawa komai mura muke ce masa. Wadda za ka yi atishawa kwana uku ka sha shayi da citta ka warke mura ce, wadda za ta kwantar da ƙato warwas da zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi kamar an yi masa duka ita ma mura ce. Allurar mura daga wannan mura ta biyun take kare mutum, wato infuluwenza, shi ya sa in an yi wa mutum ya zo ya yi ɗan majina sai ya ce ba ta aiki. Kuma infuluwenza ba abar rainawa ba ce, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tana kashe mutum 290,000 zuwa 650,000 duk shekara, tsofaffi da masu ciwon huhu su ne a gaba. Na ga Inna da idona wani hunturu, zaune a bakin gado ƙarfe biyun dare ta dafa gwiwoyi, numfashi na fita da shewa, ko kalma biyu ba ta iya haɗawa, kuma jikanta ne ya kwaso murar daga makaranta.

Ita ta mura duk shekara ake sake ta, ba don a ci kuɗin mutane ba, ƙwayar cutar ce take sauya kama, shi ya sa hukumar ke zama sau biyu a shekara, Fabrairu da Satumba, ta zaɓi nau'in da za a haɗa allurar da shi. Ba ta kare mutum ɗari bisa ɗari, a shekarar da ta dace tana rage haɗarin kamuwa da kashi 40 zuwa 60, amma ko ya kamu ciwon yakan zo da sauƙi, ga mai asma kuwa wannan sauƙin shi ne bambancin jinya a gida da kwanciya a gadon asibiti. Ƙwayar da ke cikinta matacciya ce ba za ta sa masa mura ba, yawanci dai damtse ne yakan yi tsami kwana ɗaya ko biyu. Akwai mai ƙarfi irin su Fluzone High-Dose, ninki huɗu na ta kullum, wadda a Amurka suka fi so a yi wa 'yan 65 zuwa sama, in an samu madalla, in ba a samu ba kar a zauna jiranta.

Ta nimoniya kuwa wata ƙwaya daban take yaƙa, bakteriya ce, wadda takan shiga huhu ta tara ruwa, wani lokacin har jini ko ƙwaƙwalwa. Ba duk shekara ake yi ba, irin su Prevnar 20 sau ɗaya ne an gama, in kuma Pneumovax 23 ce likita zai duba abin da aka taɓa yi masa a baya. Sau da yawa ma infuluwenzar ce take fara raunata huhu sai nimoniya ta biyo ta samu ƙofa a buɗe. Kin ga yayanku yana da gaskiya rabi, amma wata ba ta ɗaukar wa wata aiki, kuma ana iya yin su rana ɗaya, wata a hannun dama wata a hagu, haka aka yi wa Inna.

In kuɗi bai kai na biyun lokaci guda ba, don gaskiya a nan sai a asibitin kuɗi ake samu, ni dai da ta murar zan fara tunda tafiya ta matso, cunkoson Harami ba wasa ba ne, Saudiyya da kanta tana ba maniyyata shawarar yin ta, kuma sai ta yi kamar sati biyu a jiki kafin ta fara aiki. Dan Allah ki tabbatar daga firij aka ciro ta a gabanki ki duba kwanan wata, in Baba na zazzaɓi a ranar a bari ya sauka tukuna, sannan kar ya ajiye abin shaƙarsa don an yi allura. Ki gaishe shi, ya sa mu a addu'a in ya isa.