Asibitin Ingila: kyauta ne, amma sai ka biya tukuna

'Yan uwa masu shirin zuwa Ingila, ku daina dogaro da zancen "asibiti kyauta". Kafin a buga maka bizar da ta wuce wata shida sai ka biya kuɗin lafiya na baƙi: fam 1,035 a shekara ga babba, fam 776 ga ɗalibi ko yaro, kuma na dukan shekarun bizar a dunƙule. Magidanci da matarsa da 'ya'ya biyu, bizar aiki ta shekara uku, fam 10,866 ke nan, ba a kai ga tikitin jirgi ba. Masu bizar aikin lafiya ne aka ɗauke wa.

Da ka sauka, yi rajista da likitan unguwa, wanda ake ce wa GP. Shi ne ƙofa. Ba kamar gida ba, inda mai kuɗi zai wuce kai tsaye wurin ƙwararre, a nan sai GP ya tura ka, sannan ka shiga layi. A takarda mako 18 ne iyakar jira, amma adadin jinyar da ake jira a layin ya haura miliyan 7, kuma ana wuce wa'adin sosai. Ganin GP ɗin kansa ma kokawa ce: ƙarfe takwas na safe kowa ke bugo waya, kafin a ɗauki taka gurbin ranar ya ƙare. In ciwo ya matsa da dare a kira 111, in rai ne a hannun Allah 999. Motar asibiti da tiyata da haihuwa ba a karɓar ko sisi, kuma ba wanda zai ce ka je ka sayo safar hannu ko ledar ruwa kafin a taɓa majinyaci. Wannan kam sun fi mu, nesa ba kusa ba.

Kemis ne ke ba sabon zuwa mamaki. Amoxicillin da ake miƙo maka a kowace kwana a Sabon Gari, nan sai da takardar likita. Paracetamol a kanti kwali biyu kawai za a sayar maka, ƙwaya 16 kowanne. Maganin da likita ya rubuta fam 9.90 ne kowane iri a Ingila, kyauta a Sikotilan da Wales. Mai hawan jini ko wani ciwo na kullum gara ya yanki katin shekara na fam 114.50, ya karɓi ko nawa ne. Yara da masu ciki da wanda ya kai shekara 60 ba sa biya. Haƙori kuwa, ka gyara naka a gida kafin ka taso, don samun likitan haƙori na gwamnati da wuya.

Abin da ke ci mini rai shi ne yadda 'yan siyasa irin su Nigel Farage ke ɗora cunkoson a kan baƙi. Baƙon nan sau biyu yake biya, na biza da harajin albashi, kuma ka shiga kowane ɗakin jinya za ka tarar da nas 'yar Najeriya ko Indiya ko Filifin. Duk da haka a Maris 2024 aka hana masu kula da tsofaffi tahowa da iyali, a Yulin 2025 aka rufe ɗauko masu wannan aiki daga waje. Wanda dillali ya ce zai samo masa wannan bizar yanzu, ya riƙe kuɗinsa.

Wanda ya je hutu gida ya dawo da zazzaɓi, kada ya jira layin GP. Ya tafi sashen gaggawa a ranar, ya faɗi ƙasar da ya fito, ya nemi gwajin maleriya, don likitocin nan ba ita suke fara zato ba.